Shingen da Oddvar Ya Yi wa Magnhild

A shekara ukun da Oddvar Kvalsund ya yi yana maƙwabtaka da ni, ban taɓa jin ya kai ƙarshen labari ba. Zai shigo gidanmu ya karɓi kofin gahawa, ya fara ba ka labarin wata guguwa da ta same su a teku, ana tsakiyar guguwar sai kunnensa ya jiyo famfon kicin yana ɗiga. Shi ke nan, ya miƙe neman sifana. Matata Borghild ta daina ba shi kofunan tangaran, don ta gaji da tsintar su a kan tarin itace da bayan tarakta. Ni mutum ne mai son a zauna a yi shiru tare, saboda haka da farko haushinsa nake ji ƙwarai. Daga baya na saba, har in bai leƙo ba sai in ji gidan ya yi mini faɗi.

Mutumin gaɓar yamma ne, ɗan wani tsibiri da ruwan sama ba ya ɗauke wa ƙafa. Shekara talatin da takwas ya yi yana makanikin jirgin fito, a can ƙasan jirgi inda inji ke ruri dare da rana, kuma ina jin tun daga nan jikinsa ya manta yadda ake tsayawa. Matarsa Magnhild kuwa tamu ce, 'yar kwarin nan. Ajinmu ɗaya da ita a firamare, gidan ubanta yana jikin gonata. Tana da ashirin da biyu ya zo ya ɗauke ta zuwa bakin teku, ba su dawo da zama ba sai da ciwon mantuwa ya fara kama ta. Likita ne ya ce wurin da ta sani tun yarinta zai fi kwantar mata da hankali. Oddvar bai yi shawara da kowa ba, cikin wata biyu ya sayar da gidansu ya loda kaya, suka tare a gidan uban Magnhild.

Wurin kam ta gane shi, har ta gane shi fiye da kima. A ganinta ubanta yana nan da rai, shanunsa kuma suna mashekarinsu na hayin kogi suna jiran tatsa. Shanun nan an sayar da su tun kafin a haifi 'yarsu Ingunn, gadar katakon da ake bi a haye kuwa ruwa ya tafi da ita shekara arba'in da suka wuce. Amma kullum da rana ta karkata, sai Magnhild ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa.

Gareji ya fara ginawa. Ya ce don mota ne, saboda sanyin nan namu yana kashe batir, amma duk mun san wurin da zai ajiye hannuwansa yake nema. Ya fitar da taga tana kallon tagar kicin, don yana aiki yana hango ta. Ya tayar da bango, ya yi rufi, kafin ya sa ƙofa ya koma gyaran bututun hayaƙi, kafin ya gama wannan ya fara kantocin ajiye kaya. Bakin garejin tamfol ya rataya masa. In na tsokane shi na ce, "Mutumin teku, yaushe za a yi bikin ƙofa?" sai ya ce, "Mako mai zuwa, manomi. Ku da kuke shekara guda kuna tunanin inda za ku buga ƙusa ɗaya."

A watan Satumba sau biyu ta fice masa. Na farko mai raba wasiƙu ne ya dawo da ita. Na biyu direban motar gungume ne ya taka birki har ƙarar ta iso gonata, ya sauko ya tarar da tsohuwa a tsakiyar kwalta da bokiti. Ranar Asabar Ingunn ta zo daga birnin Trondheim. Na je mayar da tsani na tarar da su a tsakar gida, ban kuma sami hanyar juyawa ba.

"Baba, na yi magana da gidan kula da tsofaffi," in ji ta. "Za su iya samar mata ɗaki."

"Tana da ɗaki."

"Tana da ɗaki, tana da titi, tana da kogi. Kai kuma ido biyu gare ka, duka suna kan zarto."

"Uwarki ba ta barci sai ta ji ni ina tari a gefenta. Wa zai yi mata tari a can?"

Ingunn ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta share ido. Kamarsu ɗaya da uban, ita ma ba ta iya tsayawa wuri guda, tana magana tana tsinke busassun ganye daga tukunyar fure.

"To ji nan, Baba. In ta sake fita sau ɗaya, ɗaya tak, ba zan ƙara tambayarka ba. Torleif, kai ne shaida."

Na ce to. Oddvar kuwa ya riga ya ciro tef yana auna daga kusurwar gareji zuwa bangon gida.

Aikin da ya yi a makonni biyun nan, ni da na tashi cikin masu sassaƙa ban taɓa ganin irinsa ba. Ya zana shingen katako mai kai wa mutum kafaɗa, ya taso daga gareji ya zagaye lambu ya dawo jikin gida, da ƙyaure guda ɗaya wajen titi. Falankan ya goge su ɗaya bayan ɗaya don kada sartse ya shige mata hannu. Ya bar 'yar tazara tsakaninsu, ya ce ba kurkuku yake gina mata ba, ta riƙa ganin masu wucewa. Ƙyauren ya yi masa gicciye daga hinjin ƙasa zuwa kusurwar sama yadda ba zai sunkuya ba. Sakatar kuwa da hannunsa ya ƙera ta: sai ka ɗaga da hannu ɗaya ka ja da ɗayan sannan ta buɗe, in ka saki ƙyauren ya koma da kansa ta faɗa raminta. Ya san Magnhild ba za ta iya haɗa motsi biyun nan ba, balle ga bokiti a hannu.

Ranar da ya fara haƙa ramukan dirkoki na tsallako da kofina na tsaya a kansa. Farkon Oktoba ne, ciyawa ta fara wayar gari fari fat da daskararriyar raɓa. Ya haƙa ramin farko zuwa gwiwa, ya jefa dirka, ya kwaɓa siminti ya zuba, ya baje shi a bakin ramin da faɗi kamar faifai. Ya wuce rami na biyu.

A tsibirinsu wannan ya isa, don ƙasarsu ba ta daskarewa sai ɗan sama-sama. A nan kuwa sanyi yana nutsewa cikin ƙasa ya wuce tsayin mutum, kuma filin gidan uban Magnhild laka ne mai riƙe ruwa. In ta daskare sai ta kumbura, ta kama duk abin da ke cikinta ta turo shi sama, in ta narke ta sake shi a karkace. Mu nan ramin dirkar ƙofa har ƙirji muke kai shi, mu cika da tsakuwa don ruwa ya tsiyaye. Faifan simintin nan nasa ma hannu ya ba wa sanyi ya kama. Ba wanda ya girma a kwarin nan da bai san wannan ba.

"Yaya ka gani, manomi?" ya tambaye ni, yana share gumi.

"Katakon yana da kyau," na ce.

Abin da na faɗa ke nan. A wurinmu ba a koya wa babban mutum aikinsa a cikin gidansa. In bai tambaye ka zurfin rami ba, ba ka da bakin zancen zurfin rami. Haka ubana ya yi, haka kakana, kuma muna alfahari da abin, muna kiransa ganin girman mutum. Ba ni kaɗai ba ne. Cikin kwana huɗun da ya yi yana haƙa, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya, ya leƙa ramin, ya yaba katakon, ya tafi kanti ya ba da labari. A kantin har caca aka yi ta fatar baki a kan watan da ƙyauren zai fara gardama. Da na tuna sai raina ya ɓaci da mu duka, garin mutane masu baki a kanti, bebaye a bakin rami.

Borghild ce kaɗai ta ce, "Ka je ka gaya masa mana."

"Shekararsa saba'in da ɗaya. Bai tambaye ni ba."

"Shi ya san akwai abin tambaya ne?"

Na ce zan duba. Kwana uku bayan haka ƙasa ta daskare, maganar ta wuce.

Abin da ya ƙara rufe mini baki shi ne shingen ya yi aiki. Sanyin bara shi ne mafi daɗi da suka yi tun zuwansu. Kullum da safe Oddvar zai share dusar ƙanƙara ya fitar da hanya mai zagaye a cikin lambun. Da rana ta karkata Magnhild za ta fito da bokitinta cikin jar rigar sanyi, ta taɓa ƙyauren, ta ga bai buɗe ba, ta bi hanyar ta zaga sau biyar ko shida, ta dawo kicin ta ce ta gama tatsa. Shi kuma ya karɓi bokitin ya ce, "Yau sun ba da da yawa." Ingunn ta zo Kirsimeti ta ga abin, ta rungume uban. Ni ma na fara ce wa kaina wataƙila bana sanyin ba zai yi zurfi ba, alhali ina ganin ma'aunin sanyin da ke jikin tagata.

A Fabrairu sakatar ta fara gogar bakin raminta. Oddvar ya kwance ƙarfen ya matsar da shi sama kaɗan. Bayan kwana goma ya sake matsarwa. Zuwa tsakiyar Maris jikin dirkar ya cika da hujin sukurori, shi kuma ya rasa sukuni gaba ɗaya. Yana cin abinci zai ajiye cokali ya fita ya gwada ƙyauren. Ya zargi katakon da rashin bushewa, ya zargi hinji ya sayo sababbi, ya sassaƙe gefen ƙyauren, ya shafa wa sakatar mai. Kamar inji ya ɗauki abin, yana neman ƙarfen da ya lalace, bai taɓa kallon ƙasan da yake takawa ba.

"Kai da ka san itacen nan naku," ya ce da ni wata rana, "haka yake murɗewa?"

"Wani lokaci," na ce.

A lokacin kunya ce ta riƙe ni. In na faɗa yanzu, sai ya tambaye ni tun yaushe na sani. Kuma ƙasa ta zama ƙarfe, ko na faɗa ba mai iya haƙa ta. Na yanke wa kaina cewa da ta narke a Mayu zan kawo tarakta da tsakuwa, in ce ina da ragowa ne, mu sake kafa dirkokin tare ba tare da an yi wata magana ba.

Narkewar ba ta jira Mayu ba. A mako na biyu na Afrilu iska mai ɗumi ta taso daga kudu, kwana biyu ruwa yana zuba daga kowane rufi. Ranar Laraba da azahar ina faskare ina jin zarton lantarkin Oddvar yana kuka, ashe ranar ce ya ga damar yanka ƙofar garejin da aka shekara biyu ana jira. Zarton ya yi shiru. Jim kaɗan sai ga shi ya tsallako gonata ba hula, garin katako a girarsa.

"Ba ta nan."

Ya bi titi da mota. Ni na bar gatari na gangara ta tsohuwar hanyar shanu, wadda ba wanda ya sani yanzu sai mu da muka bi ta da ƙafa muna yara. Sawun silifas na gani a cikin dusar da ta jiƙe. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar.

A inda gadar take a da na same ta. Ƙanƙarar kogin ta yi baƙi, ruwa yana gudu a kanta ta gefe, ita kuma ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kai tana gwadawa. Ba rigar sanyi, sai 'yar rigar saƙa. Ban kira ta da ƙarfi ba don kada ta razana ta yi gaba.

"Magnhild."

Ta juyo ta dube ni rai a ɓace. "Torleif, ka makara. Baba zai yi faɗa."

"Ai na riga na tatsa. Daga can nake."

"Har da jar saniyar?"

"Har da ita. Ta so ta yi harbi."

"Halinta ne," ta ce, ta janye ƙafar. Na cire rigata na lulluɓa mata, na karɓi bokitin. Duk hanyar dawowa tana ba ni labarin malaminmu na aji uku.

Da muka iso na dubi ƙyauren. Dirkar ta kwanta baya, tsakanin sakata da raminta yatsa biyu. Ba ta ɗaga komai ba, ba ta ja komai ba, turawa kawai ta yi. Sauran shingen ma duk ya bugu, wannan dirka ta yi gabas waccan ta yi yamma, wajen kusurwar gareji falanki biyu sun ɓalle har mutum zai iya ratsawa. Oddvar ya dawo, ya sa ƙafafunta a ruwan ɗumi, ya shafa mata mai, ya kwantar da ita. Sannan ya fito da sarƙa da kwaɗo ya ɗaure ƙyauren, ya ɗauko guduma ya nufi kusurwar. Bai dube ni ba lokacin da ya yi maganar.

"Ingunn ba sai ta ji ba."

Ya daidaita falankin a jikin dirka, ya ci gaba.

"Ba abin da ya same ta. Zan gyara. Ka ji ni, Torleif? Kai ba mai shiga sha'anin mutane ba ne, shi ya sa nake ganin girmanka."

Na koma gida. Ranar ni ne na kasa zama. Na shiga rumbu na fito, na tsinci kaina ina jera itacen da na riga na jera. Sama-sama ne ƙasar ta narke, can ciki da sauran wata guda kafin a iya haƙa ta, kuma a wata gudan nan kullum shingen zai ƙara motsi, ƙanƙarar kogin kuma za ta narke gaba ɗaya. Oddvar zai toshe nan, can ya buɗe. Da na rufe ido sai in ga silifas ɗin nan a kan baƙar ƙanƙara. Borghild wayar kawai ta ɗauko ta ajiye a kan tebur kusa da farantina. Washegari da safe na kira Ingunn na gaya mata duka, har da inda ƙafar take.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zo ranar Juma'a ta zauna da uwar, bayan kwana tara aka sami ɗaki. Ranar tafiya Magnhild ta shiga mota da murna, ta ɗauka kasuwa za a je. Oddvar ya saka akwatin, ya ciro shi ya sake shiryawa, ya duba iskar taya huɗun, ya goge gilashin da ba shi da datti. Da ba sauran abin dubawa sai ya shiga ya zauna kusa da ita a baya. Na tsaya daga gonata, ban matsa kusa ba.

Wata guda bai leƙo gidanmu ba. Kullum da safe yana tuƙi zuwa wurinta, ya dawo da yamma. Ingunn ta ce ma'aikatan suna son sa, ya gyara musu duk keken guragun da ke gidan. Ta ce kuma uwar ba ta barci sosai, tana yawo a baranda tana tambayar ina aka kai mutumin nan mai tari.

Ƙarshen Mayu ina gyaran garma sai ga shi da baro. A ciki akwai dirkar ƙyauren, ya tumɓuke ta da faifan simintinta. Ya ajiye baron a gabana. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Na je kanti sayen sukurori," ya ce. "Wani ya ce mini ai ramin dirka a nan har ƙirji ne, da tsakuwa. Ya ce kowa ya sani. Ya ce har caca suka yi."

Na ajiye sifana.

"Kana tsaye a kaina ranar. Da kofi a hannunka."

"Ina tsaye."

"Ka gani?"

"Na gani."

Ya gyaɗa kai. Hannunsa yana ta ɓantarar busasshiyar laka daga jikin simintin.

"Kiran da ka yi wa Ingunn, ban riƙe ka ba. Da ni ne na ga ƙafarta a kan kogin, da na kira. Amma ashe kana da baki, Torleif. Magana ɗaya ce a Oktoba. Kwana biyu zan ƙara ina haƙa, da yanzu tana kicin."

Na nemi abin da zan ce, duk abin da ya zo mini uzuri ne, kuma na san shi ma ya san haka. Shekarata saba'in ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau kuma ba ta sake ni ba.

"Haka ne," na ce.

Ya tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu. Da ya ga babu, sai ya kama baron ya juya, ya tura shi zuwa gidan da ba kowa a ciki.